Gizo-gizon da Ya Fito Daga Lurun Gwaggo

Da sunan Allah nake buɗe baki, Wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Sunana Kubura, haifaffiyar wani ƙauye yamma da Gangara a ƙasar Damargu. Ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, malamin unguwarmu yana ɗauka. Na sa a rubuta domin mata masu jego, da tsofaffin da ke tsaye a kansu, musamman ma tsofaffin. Abin ya faru a shekarar da ake ta zancen Nasara za su ɗauke gwamnansu daga Damagaram su kai shi yamma. Yau furfura ta cika mini kai, amma idan na tuna, zuciyata tafasa take yi kamar jiya aka yi.

Haihuwar fari ce, don haka tun cikin yana wata bakwai na bar garin maigidana da ke wajen Tarka na koma gidan iyayena. Na sauka da kaka, ana ɗaurin dammunan hatsi. 'Ya mace, jawur, gashi cunkus a kai.

Ranar da ta kwana uku, Gwaggo Dije ta shigo da wani tsohon luru, irin bargon saƙin nan na auduga. Gwaggo yayar babana ce, kuma a gidanmu idan ta yi magana an gama. Ta ce a kan lurun nan aka shimfiɗe ta, aka shimfiɗe babana, aka shimfiɗe ni. Shekara da shekaru yana ninke cikin wata fasasshiyar randa a ƙuryar ɗakinta.

Innata ta ce, "Yaya, a ɗan kakkaɓe shi a sa a rana mana."

Gwaggo ta ce, "Albarkar za ki kakkaɓe?"

Haka aka shimfiɗa shi aka kwantar da yarinya.

Washegari bayan azahar, na fito daga wankan jego jikina na tururi, sai na ji ta tsala wata irin ƙara. Na ruga na ɗaga ta. Daga cikin ninkin lurun wani gizo-gizo ya fito a guje, ƙarami, launin ƙasa, ƙafafunsa dogaye sirara. Ba irin wanda ke saƙa a kusurwar ɗaki ba ne. Na murtsuke shi da gindin ludayin kununa. A cinyarta ta hagu na ga ɗan ja kamar cizon sauro.

Ina nuna wa Inna abin a jikin ludayi sai ga Gwaggo.

"Mene ne kuma?"

"Gwaggo, gizo-gizo ne ya cije ta. Daga cikin lurun ya fito."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Gizo-gizo? Yaushe ya yi haƙori? Shekarata nawa ina share yanarsa da hannuna? Ke kuma, yarinyar nan 'yar fari ce fa. Har kin fara ɗaga ta kina jujjuyawa a gaban iyayenki? Ina kunyarki?"

Kun san yadda muke. Uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ba ta kama sunansa, ko kuka yake sai ta kau da kai. Na sunkuyar da kaina na yi shiru. Wannan shirun ne farkon laifina.

Kafin faɗuwar rana wurin ya kumbura ya yi tauri. Da gari ya waye ya yi bororo, gefensa ya yi fari, tsakiyarsa kamar an ɗiga shuni. Jikinta ya yi zafi rau, ta ƙi kama nono sai da ƙyar, fitsarinta ya koma kamar ruwan bagaruwa. A haka aka yi suna. Aka yanka rago, aka raɗa mata Hajara, mata suka cika gida suna shewa suna cin nama, ita kuwa ko ƙarfin kuka ba ta da shi, sai nishi. Maigidana ya zo da danginsa. A zaure aka kai masa ita, a naɗe tun daga wuya har ƙafa. Ya yi addu'a, ya koma gida yana murna. Ina jin muryarsa ta bayan danga, amma wace mai jego ce za ta fita gaban surukai ta ce a kwance zane a duba?

Tunda an ƙi gizo-gizo, dole a nemo wani a ɗora masa. Aka nemo.

A gefen garinmu akwai wata tsohuwa mai suna Raishita. Ta gangaro daga arewa tun shekarar babbar yunwa, bayan ta binne mijinta da 'ya'yanta. Ta kafa bukka tana saƙa tabarmin kaba. Ba wanda ke kiran sunanta, Buzuwa kawai ake cewa. Ta zo mini barka da 'yar tabarmar da ta saƙa wa jaririya, ta shafa ƙafarta, ta ce da guntuwar Hausarta, "Yarinya kyau, kyau ƙwarai." Ba ta ce tubarkalla ba. Gwaggo ta tuno da wannan, kuma kafin a wanke tukwanen suna gari ya ɗauka cewa Buzuwa mayya ce, ta kama kurwar jikar gidanmu.

A mako na biyu bororon ya fashe, wurin ya yi ɓawo baƙi ƙirin kamar ƙonanniyar fata. Kowa ya zama mai magani. Wannan ta kawo kashin shanu da ɗuminsa ta shafa. Waccan ta ce toka da kanwa. Wata ta ce nonona ne ya ɓaci, a tatsa a jefa tururuwa a gani. Duk a kan naman jaririyar da ba ta yi kwana goma sha biyar a duniya ba.

Liman kaɗai ya faɗi gaskiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Ya aiko da rubutu, ya kuma aiko da saƙo cewa addu'a ba ta hana neman magani, kuma a ji tsoron Allah, kada a ɗora wa baiwar Allah abin da ba a gani da ido ba. Aka karɓi rubutun, aka bar saƙon a ƙofar gida.

Sai Gwaggo ta kira wanzami. Ya dubi cinyar ya ce mugun jini ne ya taru. Inna ta riƙe ƙafafun, Gwaggo ta danne kafaɗun, ya zagaye baƙin da tsaga, ya kafa ƙaho. Ni aka ce in juya baya. Na juya, Allah ya yafe mini. Kukan ya yi ta raguwa har ya ɗauke ɗif, na zaci ta tafi. Da ya gama aka ja masa akuyata, wadda Inna ta ba ni tun ina budurwa, ya tafi yana cewa jibi za a ga sauƙi.

Ba a ga sauƙi ba. Inda duk askarsa ta bi ya kumbura ya tara mugunya.

Da hantsi, ranar wata Laraba, aka jawo Raishita har tsakar gidanmu. Samari na gaba, mata na baya suna ihu. Aka kwantar da yarinya a ƙasa, aka fizge zanen tsohuwa, aka ce ta tsallake ta sau uku ta saki kurwarta. Tsohuwar da ta isa haifar babana, tana rufe jikinta da hannu. Ta tsallake. A na ukun ta tsaya, ta durƙusa ta dubi ciwon da kyau.

Ta ce, "Wannan na sani. Ƙaramin abu, ƙafa takwas, yana ɓoye cikin tsohon kaya. Wurinmu yana shiga ƙarƙashin sirdin raƙumi. Kada aska. Kada wuta. Ruwa dafaffe, a wanke, a ba nono."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kun ji da kunnenku! Ta san abin. Wa zai sani in ba wanda ya yi ba?"

Raishita ta juyo ta dube ni. "Kubura, ke kin gani?"

Na ce, "Gizo-gizo ne." Amma a maƙogwaro na faɗa. Ban san ko ita kanta ta ji ba. Kwana uku bayan nan, da aka ga ba canji, aka rushe bukkarta, aka bi ta da jifa har bayan gonaki. Ta nufi arewa da ƙunshin kabarta a ka.

A mako na uku gefen ɓawon ya fara ɗagawa, wari ya cika ɗaki har Inna na turara ƙaro. Yarinya ta rame, haƙarƙarinta ana ƙirgawa. A ɓoye nake dafa ruwa in ɗan wanke mata, kamar yadda Raishita ta ce, in matsa mata nono a baki ɗigo-ɗigo. Da safe wata tsohuwar ta sake lafta kashin shanu.

Ran nan na dawo daga bayan gida na tarar da wanzami a tsakar gida, ya hura gawayi, ya tura ƙarfen sakiya a ciki ya yi ja. Gwaggo na kwance wa yarinya zane. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na fizge ta daga hannun Gwaggo har tsohuwar ta yi taga-taga.

"Kubura! Kin haukace?"

"Na haukace, Gwaggo. Ba wanda zai ƙara taɓa ta."

"'Yar farin? A gaban mutane?"

"'Yata ce! Hajara sunanta. Hajara! Ku ji da kyau, na kira. Ni na haife ta, ni na ga abin da ya cije ta, kuma daga lurunki ya fito."

Na wuce kai tsaye zuwa zaure inda Baba ke zaune da maƙwabta, kaina ba ɗankwali. Na durƙusa na buɗe masa cinyar. Tun da aka fara, cewa ake masa yarinya na ɗan zazzaɓi, domin ɗakin mai jego ba wurin maza ba ne. Ya duba sau ɗaya ya rufe ido ya yi salati. Sai ya tashi ya kwanto takarkarinsa.

Gwaggo ta biyo mu har ƙofa. "Idan ta fita ba ta yi arba'in ba, sanyi ya kama ta, ba ruwana. Kuma Nasara yanke ƙafa suke yi, kowa ya sani."

Baba ya ce, "Yaya, a yi haƙuri. Za mu tafi." Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya saɓa mata ba sai ranar.

Kwana biyu muka yi a hanya zuwa bariki, inda aka ce akwai gidan lokotoro, wato likita. Baba ya aika wa maigidana, ya same mu a can. Da ya ga ciwon bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ranar suna haka take?" Na ce haka take.

Kada wani ya zaci muna isa aka karɓe mu. Layi ne a gindin wata aduwa, da gardi a bakin ƙofa riƙe da bulala. Sojoji ake fara gani, sai matansu, sai mutanen da aka kwaso aikin hanya da gyambuna a ƙafafu. Mu mutanen ƙauye a ƙarshe. Rana na take tsaka a rufe ƙofa a ce gobe. Maigidana ya matsa ya ce jaririya ce, gardi ya nuna masa bulala. Kwana biyu muna haka, ƙudaje na bin zanen goyona. Wata Babarbariya mai sayar da fura a bakin bariki ce ta tausaya mana, ta ba mu rumfa a gidanta, ta riƙa dama mini kunu ba tare da ta san ko mu su wane ne ba. A rana ta uku ita ce ta ja hannuna ta wuce gaban gardi tana zazzaga masa masifa da yarensu, ashe ɗan garinsu ne. Allah ya saka mata da aljanna.

Mai wanke gyambo wani tsohon soja ne ɗan Damagaram, ana ce masa Majo. Da ya kwance tsumman ya ga kashin shanu da tsagar wanzami, sai ya fita ya kira lokotoro, wanda muka yi sa'a ya zo rangadi kwanakin. Bature ne dogo, fuskarsa ja. Ya duba ya fara faɗa da yarensu yana nuna tsagar. Kalma biyu suka zauna mini a kai. Ɗaya, "Fa tushe!" Majo ya ce ma'anarta kada a taɓa. Ɗayar kuwa "sobaj", wadda ya faɗa yana kallonmu. Majo ya ƙi fassara ta. Daga baya na ji cewa da dabbobin daji ya haɗa mu. Har yau ban haɗiye ta ba. Babana da ya bar hatsinsa a gona ya yi kwana biyu yana jan takarkari a ƙasa bai cancanci wannan ba.

Amma zan faɗi nasa alherin. Ya sa Majo ya tambaye ni, ni uwar, abin da ya faru. Na ce gizo-gizo ne. Na jira dariya. Sai ya ce wane launi, yaya girmansa, daga ina ya fito, kwana nawa. Ina ba da amsa yana gyaɗa kai. Nan hawaye ya ɓalle mini. Kwana ashirin ina cikin dangina, wanda ya fara tambayata ya saurara shi ne baƙon da ya zage mu.

Ba a yanke ƙafa ba. Majo ya sa hantsaki ya riƙa cire mataccen naman kaɗan-kaɗan. Da ɓawon ya fita, rami ne ya bayyana wanda ƙwallon aduwa zai shige ya ɓace, a cinyar da ba ta fi kaurin hannuna ba. Ya wanke da wani ruwa mai launin shuni-shuni, ya rufe da farin ƙyalle dafaffe. Ya ce kullum da safe in kawo ta, hannuna a wanke, kuma nono kada ya yanke. Ban da ruwan shunin nan, abin da tsohuwar da muka jefa ta faɗa ke nan, ba ragi.

Baba ya koma gida. Maigidana ya zauna, yana ɗebo wa matan sojoji ruwa da itace don mu ci, hatsinsa na can a gona sai abin da 'yan uwa suka tattara masa. Makon farko ba mu ga komai ba sai raguwar wari. A na biyu zafin jikin ya sauka, ta kama nono da ƙarfi har na ji zafi, na yi dariya ni kaɗai. A na uku Majo ya kira ni ya nuna mini ƙasan ramin, jan nama sabo kamar cikin kankana. Ya ce, "Uwar Hajara, 'yarki ta ƙi mutuwa." A can na cika arba'in, ba wankan ganye, ba komai, kuma sanyin da aka yi mini alkawari bai zo ba.

Sai da muka yi kusan wata biyu ramin ya cike ya rufe. Ya bar tabo fari, a tamuke, ya ɗan janye ƙafar. Ta yi jinkirin tafiya, kuma har yau da take da jikoki tana ɗan ɗingishi.

Ranar da muka koma ƙauye mata suka cika gidanmu. Gwaggo ta karɓe ta, ta juya cinyar a rana, ta shafa tabon da babban yatsa. Na tsaya ina jira. Na zaci ko da kalma ɗaya za ta ce.

Ta ɗaga kai ta dubi matan. "Alhamdu lillahi. To, kun gani? Tun da aka kori mayyar nan yarinya ta samu kanta."

Suka amsa, "Gaskiya ne, Dije. Ai ke kika ceto ta."

Na karɓi 'yata. Na ce, "Gwaggo, wadda kuka kora ita kaɗai ce ta faɗi maganin. Kun tsaga jaririya, kun tuɓe tsohuwa, yanzu kuma ku za a gode wa?" Wata ta ce zaman bariki ya lalata ni. Inna ta ja ni ɗaki tana roƙona in rufa mata asiri. Washegari na bi mijina, kuma sauran 'ya'yana duk a ɗakina na haife su.

Da rani maigidana ya fita neman Raishita. Ya tambaya a kasuwar Tanut, ya bi rijiyoyin kwarin Tarka har Belbeji. Wani makiyayi ya ce ya ga tsohuwa da ƙunshin kaba ta roƙi ruwa ta wuce. Wani ya ce sun binne wata a gindin rijiya bayan kaka, ba su san sunanta ba. Iyakar abin da muka samu ke nan.

To, ku masu jego da masu kula da su. Duk tsumman da ya daɗe a ajiye, ko na wane kaka ne, a kakkaɓe shi a shanya kafin ya taɓa jariri. Idan kuka ga ja ya koma shuni ya koma baƙi, kada aska ta kusance shi, kada wuta, kada kashin dabba. A wanke da dafaffen ruwa a nufi masu magani tun da sauran ƙarfi. Kuma idan yarinya ta ce ta ga abu, ku tambaye ta abin da ta gani. Ƙuruciyarta ba ta makantar da ita ba.

Gwaggo ta rayu shekaru da yawa, ba ta taɓa sauya magana ba. Da ciwon ajali ya kama ta ni na je na yi jinyarta, domin ba ta da 'ya mace, kuma ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Abin da ta yi mini da 'yata na yafe mata tun kafin a ɗauke ta. Na tsohuwar nan kuwa ban yafe ba, don ba haƙƙina ba ne, kuma ni ma ina da kaso a ciki, tunda an tambaye ni a gaban jama'a na amsa a maƙogwaro. Duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, ba na roƙonsa komai don kaina. Ya karanta fatiha ga wata baiwar Allah mai saƙa tabarma, kuma ya kira ta da sunanta: Raishita.